Me Ya Sa Lamonte Ya Ajiye Ƙwallo?

Talata, 14 ga Maris

A talabijin na ji. Ni, uwarsa.

Ina zaune a shagon Ozella, kaina cike da man gyaran gashi, sai ga fuskar Lamonte ta cika allon da ke saman madubi. Ya sa kwat ɗin nan mai ruwan toka da nake cewa ta matse shi a kafaɗa. Ozella ta ce, "Verlene, ga ɗanki can, wata lambar yabon suka ƙara masa ke nan." Ta ƙara murya. Sai muka ji ya ce ya gode wa ƙungiya, ya gode wa abokan wasa, ya gode wa mahaifiyarsa da ke Alabama, kuma daga yau ya ajiye ƙwallo. Shi ke nan. 'Yan jarida suka yi masa ca, me ya sa, me ya sa. Ya yi murmushi ya tashi ya fita.

Shekararsa ashirin da takwas. A duk ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, babu mai cafe ƙwallo kamarsa, ba ni na faɗa ba, masu sharhi ne ke faɗa. Duk yadda aka jefo ta, in dai ta taɓa yatsansa ta zauna. Gwiwa lafiya, ƙafa lafiya.

Na zazzage jaka na ciro waya, na tarar ya yi ta kirana tun safe. Na kira. Ya ce, "Mama, ina nan tafe gida, ma yi magana." Na ce, "Yi ta yanzu." Ya ce, "Bari Anti Ozella ta wanke miki kai tukuna. Na san kina can, yau Talata."

Laraba, 15 ga Maris

Motar 'yan jarida a ƙofar gida. Na saki labule. Ko da na fita me zan ce musu, ni ma tambayar nake.

Lahadi, 19 ga Maris

A coci kowa ya zo da nasa dalilin, kamar ranar da ake kawo abinci daga gida. Wata ta ce mace ce. Wani dattijo ya ce caca ce, an kama shi an rufa masa asiri. Matar Fasto ta riƙe hannuna ta ce ta yi mafarki Ubangiji ne ya kira shi wa'azi. Lamonte da ko addu'ar cin abinci sai ya yi tuntuɓe a ciki!

Ozella ce kaɗai ta faɗi wanda ya tsaya mini a rai. A mota, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ko kansa ne? Kin san yadda ake dukan kawunan yaran nan."

Na yi ta tunani yau. Yana ɗan shekara bakwai mijina Otha ya rasu. Ni na ɗauki ƙwallon ubansa na ce fito bayan gida. In na taso daga kamfanin kaji, ko takalmi ban cire ba, jifa nake yana cafewa har sauro ya kore mu. Da na ga hannunsa ya cika tauri, ɗanyen ƙwai na riƙa jefa masa. In ya fashe, shi ne abincin safensa ya tafi. Cikin wata guda ya daina fasawa. To abin da muka gina tare, ya za a yi mutum ɗaya ya rushe shi bai ko tambaye ni ba?

Ba fushi nake ba. So nake in sani.

Alhamis, 23 ga Maris

Ya iso. A wata tsohuwar a-kori-kura, ban san inda ya samo ta ba. Jaka biyu kacal. Ya shige tsohon ɗakinsa, ƙafafunsa sun zarce gadon, ya ce haka yake so.

Na zuba masa wake da burodin masara na zauna ina kallonsa. Hannu ba ya rawa. Ido ba ya yawo. Na ce, "Wai ya sunan malamar nan da ta koya maka lissafi a firamare?" Ya faɗa. Na ce, "Karen nan namu fa, mai kunne ɗaya?" Ya faɗa. Na ce, "Jiya me ka ci da rana?"

Ya ajiye cokali. "Mama, jarrabawa kike yi mini?"

"Hira nake."

"Likitoci sun duba kaina, lafiya lau. In kina so in karanto miki sunayen 'ya'yan Yakubu goma sha biyu ne, sai dai na san ke ma ba ki iya ba."

Mara kunya. Amma na ji sanyi. To ba kai ba ne. Saura me?

Asabar, 1 ga Afrilu

Ya tone tsohon lambun Otha. Wai kuɓewa zai shuka. Bai san komai ba, ya zuba irin a rami ɗaya kamar mai binne dukiya. Na tsaya a baranda ina gyara masa, yana cewa "to, Koci."

Cin abinci yake kamar wanda aka sako daga kurkuku. Jiya soyayyar tarwaɗa sau biyu. Ya ce shekara da shekaru wata mata ce a ƙungiya ke auna masa duk abin da zai sa a baki.

Yau ne na lura da yatsunsa da kyau. Ƙaramin na hagu ya karkace waje ɗaya, na tsakiya ba ya miƙewa. A talabijin kullum cikin safar hannu suke.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Bikin Ista. Bayan baƙi sun watse muna wanke-wanke, na daure na tambaye shi kai tsaye.

"Saboda yaron nan ne? Na watan Disamba?"

Ba na son rubuta shi, amma bari in rubuta. Wasan Disamba, Lamonte ya ratso tsakiyar fili ya yi tsalle ya cafe, wani matashin mai tsaron baya, Kenyon Ruffin, ya taho a guje da kai a ƙasa suka gwabza. Lamonte ya tashi da ƙwallo a hannu. Kenyon bai tashi ba. Wuyansa ne. Kowa ya ce ba laifin kowa ba ne, shi ma Kenyon ɗin ya faɗi haka daga asibiti. Kuma Lamonte ya buga sauran wasannin har ƙarshen kakar wasa.

Ya ci gaba da goge faranti. Ya ce, "A'a, Mama."

"A'a kawai?"

"A'a kawai. Miƙo tukunyar nan."

Na san ƙaryarsa tun yana yaro, kunnensa ke motsi. Bai motsa ba. Amma bai dube ni ba kuma.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Duk Alhamis sai ya ɓace. Ya fita da safe, sai la'asar. In na tambaya ya ce, "Na ɗan zaga."

Alhamis, 27 ga Afrilu

Ozella ta ce mace ce, ta rantse. Ta ce namiji ba ya aske gemu don ya ɗan zaga. Ni kuwa da ya dawo na faki idonsa na leƙa cikin motar, wai ina neman tabarauna. Babu ƙanshin turare. Warin maganin wanke hannu irin na asibiti ne ya buge ni.

Ban iya cin abinci ba. Ko dai wani ciwo ne a cikinsa yake ɓoye mini? Otha ma haka ya yi, sai da abu ya ci ƙarfinsa na sani.

Alhamis, 11 ga Mayu

Yau kam sai na rubuta da yawa.

Mun bi shi. Ozella ta rufe shago, ta sa wata ƙatuwar hula da baƙin tabarau wai kada a gane ta, a cikin motarta ja da duk garin nan ya sani. Muka kama hanyar Birmingham, babban birnin nan namu na Alabama, tana bin bayansa kamar an ɗaura mu da igiya. Ina cewa ja baya, tana cewa in na ja baya ya ɓace. Can ya ratse gidan mai. Mu ma muka ratse muka laɓe bayan wata babbar mota. Ina cikin sunkuyar da kai sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Ga shi tsaye da kofi biyu a hannu.

"Anti Ozella, tun daga kwanar coci nake ganinki. Ga kofi. Ku biyo ni a hankali, kuma don Allah ki riƙa kunna sigina."

Ozella ta ce, "Mu kasuwa za mu." Ya ce, "To ku fara rako ni."

Asibitin masu koyon motsa jiki ne bayan rauni. Masu aikin duk sun san shi. Muna shiga wani babban ɗaki mai ƙarafa da tabarmi, sai wata murya ta tashi daga kusa da taga: "Ga ɗan fansho nan! Yau har da masu rakiya? Tsoro kake in tashi in zane ka?"

Kenyon Ruffin. A keken guragu, an ɗaure ƙirjinsa da bel. Yaro ne, Yesu na, fuskarsa ko gashi bai gama fitowa ba. A talabijin cikin hular kwano da sulke ya yi kama da bijimi.

Lamonte ya ce, "Rufe baki ka gaida uwata."

"Mama, ina wuni. Ki yafe, ba zan iya miƙewa ba, ɗanki ne ya yi mini aika-aika." Ya fashe da dariya. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Uwarsa, Paulette, da ke zaune a gefe ta ce, "Ki ƙyale shi, haka yake yi wa kowa."

Hannuwansa na ɗagawa, yatsun ne ba su cika kamawa ba. Aikin da ake sa shi, ya danne wata ƙwallon roba tsakanin tafukansa ya tura ta gaba. Lamonte ke zama a ƙasa yana cafewa. In ta faɗi a tsakani sai Kenyon ya ce, "Kai, gwanin duniya, ka kasa?" Lamonte ya ce, "Jifar ce ta banza, kakata ta fi ka." Haka suka yi ta yi. Ashe tun watan Janairu yake zuwa, da farko ta jirgi. Paulette ta ce zuwan farko Kenyon ya ce a kore shi, Lamonte ya zauna a waje har aka tashi.

Da za mu tafi Kenyon ya ce in matso. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Mama, ki faɗa masa ya koma. Ni da za a ba ni ƙafafunsa na yini ɗaya, fili zan nufa. Shi yana da su ya je yana shuka kuɓewa. In don ni ya bari, ban gode ba. Ya ɗora mini wani kayan ne a kan wanda nake ɗauke da shi."

Lamonte daga bakin ƙofa ya ce, "Na faɗa maka ba don kai ba ne."

"To don wa?"

Kai. Ashe mu biyu ne masu tambayar.

Da muka kusa gida Ozella ta ce, "To ai da macen ce da ya fi sauƙi."

Lahadi, 14 ga Mayu

Ya kai ni cin abinci don ranar uwaye. Mai kawo abincin ya ce masa, "Yallaɓai, ka karya mana zuciya." Lamonte ya ce, "Za ta warke. Akwai kek ɗin dankali?"

Alhamis, 8 ga Yuni

Yanzu ni ma ina bin sa wasu Alhamis ɗin. Ba don bincike ba. To, har da binciken.

Na zauna da Paulette a waje muna ɓare gyaɗa. Mace mai sanyi, direbar motar 'yan makaranta ce a Mississippi kafin ta bar aikin ta dawo jinya. Ta ce tun Kenyon na ƙarami ba ta taɓa kallon wasansa da ido biyu ba. In aka fara sai ta sa fuska a tafin hannu, ta gefen yatsu take leƙe. Ta ce, "Ke ma ai kin san wannan."

Na ce gaskiya ban sani ba. Ni tsaye nake kallo, ina ihu, ina zagin alƙalin wasa.

Ta juyo ta dube ni. Ba da raini ba, mamaki ne zalla. "Ba ki taɓa jin tsoro ba? Ko sau ɗaya?"

Na ce ai na san ɗana, ya iya faɗuwa.

Ta ce, "Nawa ma ya iya."

Na dawo gida ina juya maganar. Wace irin uwa ce ba ta jin tsoro? Ko dai akwai shi ne a wani lungu ban taɓa buɗewa ba?

Talata, 4 ga Yuli

Kuɓewar ta yi, abin haushi. Ya cika kwando yana yawo da ita gida-gida kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Alhamis, 27 ga Yuli

A makon nan ƙungiyoyi suka shiga sansanin horo. Na zuba masa ido. Jiya da safe na ji ya fita, na bi bayansa a ƙafa har filin makarantar sakandare. Ba kowa sai shi. Gudu yake, ya tsaya cak, ya karya hagu, ya sake fizga. Iri ɗaya da da. Ko ma ya fi. Na tsaya jikin shingen waya ina kallo.

Da ya dawo na tare shi a baranda. Na ce na gan ka. Na ce jikinka na so, kai ne ke hana shi. Na ce mutane nawa Allah ya ba irin hannunka? Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na rubuta ba. Na ambaci Otha, bai kamata ba.

Bai yi fushi ba. Ya zauna a matakala yana kwance igiyar takalmi. Abin da na riƙe daga maganarsa ke nan.

"Mama, kin tuna abin da kike faɗa mini a bayan gida? Ƙwallo kaɗai. Kada ka kalli kowa. Haka na yi duk rayuwata. In tana sama ba na jin 'yan kallo, ba na ganin mai tahowa. Wasu cewa suke jarumta ce. Ba jarumta ba ce, ban gan su ba ne kawai."

Na ce to sai me?

"Mako guda bayan na Kenyon, na ratso tsakiya, ƙwallo na sama, sai na ga mutumin. Na ga idonsa ta cikin hular. Na ga yadda ya sunkuyar da kai. Har na ji ina so in ce masa ɗaga kanka, yaro. Na cafe, ba wanda ya lura. Wasa na gaba ma haka. Ina ganin ƙwallo, ina ganin mutum. Na jira ya wuce, bai wuce ba."

Na ce wannan ai tsoro ne, ana maganinsa, akwai likitocin da aikinsu ke nan.

"Na je wurinsu. Ba tsoro ba ne. Mai kallo biyu a tsakiyar fili, ko a ɗauke shi a gado ko ya sa a ɗauki wani. Amma ba ma wannan ba ne. Likitan ya ce zai iya mayar da ni yadda nake. Na zauna a motata na tambayi kaina, ina so a mayar da ni? In a fili ban ga mutum yana tahowa ba, me kuma ban gani ba a waje? Tun ina sha huɗu ban san yadda Lahadi take ba in ba wasa. Ban san me nake so ba in ba wanda ya hura usur. So nake in gani, Mama. Shi ke nan."

Na ce, "Wannan ne dalilin? Don ka gani?"

"Shi ne."

Ban gamsu ba. Na yi tsammanin wani babban abu, mai suna. Wannan ko Ozella ban san yadda zan faɗa mata ba.

Juma'a, 18 ga Agusta

Ya yi rajista a kwalejin gari, darasin sanin ƙasa da tsirrai. Ya dawo yana ba ni labarin tsutsotsi. Makon jiya kuma gitar kiɗa ce, Allah ya sa ta ɓace.

Lahadi, 10 ga Satumba

Ranar farko ta kakar wasa. Na dawo daga coci na sa rigata mai lambarsa, saboda sabo. Shi ya ɗauki ƙugiya ya tafi kogi. Ya ce, "In sun ci ki faɗa mini."

Wanda suka sa a gurbinsa ba laifi, sai dai yana barin ƙwallo ta bugi ƙirjinsa. Kafin hutun rabin lokaci ya ratso tsakiya aka haɗa masa. Ya tashi. Wanda ya buge shi ne ya ɗan jima a ƙasa. Masu ɗaukar hoto sun bi ƙwallo, ni kuwa idona na can kusurwar allo inda ƙafafun yaron suka leƙo, ina cewa motsa, motsa mana. Ya motsa.

Na tashi na shiga kicin. Waken da na ɗora ne na ji kamar yana kamawa. Na daɗe a can, don tukunyar na son kulawa.

Sun ci. Ya kawo kifi uku ƙanana, abin kunya.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Kenyon ya riƙe cokali da kansa! An ɗaura masa shi da wani madauri, amma shi ya kai baki. Miyar kuɓewa na kai masa. Ya ci ya ce, "Mama, miyar ta yi daɗi, kuɓewar ce dai kin ji ta ɗan fansho." Paulette ta fita waje ta yi kuka, na bi ta.

Litinin, 30 ga Oktoba

Kocinsu ya kira. Ni ya kira, ba shi ba, wai Lamonte ba ya ɗaukar wayarsa.

Masu cafe musu ƙwallo biyu sun ji rauni jiya. Ƙungiya na kan hanyar zuwa wasan ƙarshe, in aka samu hannu. Ya ce ba sa neman alkawarin shekaru, wata uku kawai. Ya ce, "Mama Spivey, shekarun nan ba mu taɓa kusa da kofi kamar bana ba, kuma ɗanki bai taɓa ɗaga shi ba. Kowa ya san maganarki yake ji."

Na ce zan faɗa masa. Abin da nake roƙo ke nan tun Maris. Na ajiye waya na zauna.

Talata, 31 ga Oktoba

Ban faɗa masa ba. Yana da jarrabawa gobe.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ozella ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa. To na faɗa, da rana, yana wanke mota. Na faɗe shi daidai yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya bar ruwa na zuba a ƙasa. Ya ce, "Wata uku." Ya ce, "Kofi." Na ga yatsunsa na buɗewa suna rufewa, su kaɗai, kamar ba da saninsa ba.

"Ke me kika gani, Mama?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Kashe ruwan nan, kana jiƙa mini furanni."

Ya ce zai ba su amsa ranar Juma'a.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ya tafi Birmingham shi kaɗai. Na san abin da Kenyon zai ce masa. Da ya dawo na ji yana janyo tsohuwar jakar kayan wasansa daga ƙarƙashin gado. Na ƙona shinkafa. Na sake ɗorawa, ita ma ta kama.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Da hantsi ya fita baranda da waya. Ni goge tagar falo nake, dama ta daɗe tana son gogewa, ba laifina ba ne in a buɗe take.

Sun jima suna gaisawa. Ya tambayi lafiyar waɗanda suka ji raunin, kowa da sunansa. Ya yi dariya. Sai ya tsaya yana saurare, ni kuma tsumman na hannuna na matse shi har ruwa na bin gwiwar hannuna. Sai na ji ya ce, "Koci, jiya na sa hular na duba madubi. Ta yi mini daidai. Amma ina nan inda nake. Ka ba yaron nan da ke gurbina dama, ka ce masa ya daina tarar ta da ƙirji."

Ya shigo ya same ni a bakin taga. Ya ce, "Kin ji?" Na ce ni aiki nake. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama. Na san kin so." Na ce ba komai, rayuwarka ce, ka je ka mayar da jakar nan inda ka ɗauko ta kafin in yi tuntuɓe da ita.

Raina ya ɓaci mana. Kofi ne fa. Haka na faɗa wa Ozella da ta zo da yamma, na ce yaron nan ya watsar da dama, kuma har yanzu ni dalilin nasa bai gama shiga kaina ba. Ta zauna tana kallona ina yanka albasa. Ta ce, "To in ranki a ɓace yake, waƙar me kike yi tun da na shigo?"

Ba waƙa nake ba. Maƙogwarona ne ke ɗan yi mini ƙaiƙayi.